Kiwon Kaji da Agwagi a Lokacin Zafi

Rey Buba gari ne a arewacin Kamaru, kudu maso gabashin Garwa. Buba Njidda ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19. Fadar Lamiɗo tana cikin garin, kewaye da doguwar katanga. Kogin Mayo Rey yana wucewa kusa da garin kafin ya haɗu da Binuwai. Mutanen wannan yanki suna noma dawa da masara da gyaɗa da auduga. Suna kuma kiwon shanu da awaki da tumaki.

Akwai wani kiwo da ba a fita daji dominsa. Shi ne kiwon kaji da agwagi a cikin gida. Yawanci mata da yara ne suke kula da shi. Idan baƙo ya zo, a yanka masa zakara. Idan ana neman kuɗin sabulu ko na littafin makaranta, a kai kaza kasuwa. Amma babban amfanin wannan kiwo shi ne ƙwai.

Da kaka da lokacin sanyi, kaji suna yin ƙwai sosai. Da zarar watan Maris ya kama, sai ƙwai ya fara raguwa. A watan Afrilu, yaro yakan leƙa akurki ya tarar babu ko ɗaya. Wanda aka samu ma, ɓawonsa ba ƙwari, da an taɓa sai ya fashe. Wasu sukan ce kajin sun tsufa. Wasu sukan ce maciji ne yake sha. Sau da yawa ba haka ba ne. Zafi ne ya hana su.

1. Kaza ba ta gumi

Idan mutum ya ji zafi, sai ya yi gumi. Iska ta busar da gumin, jikinsa ya yi sanyi. Kaza ba ta da wannan hanya, domin ba ta gumi ko kaɗan. Ga shi kuma jikinta a rufe yake da gashi. Ɗumin jikinta ma ya fi na mutum. Na mutum digiri 37 ne, na kaza kuwa kusan digiri 41.

Kaza ta fi jin daɗi idan zafin gari yana tsakanin digiri 18 da 24. Amma a Garwa da Rey Buba, zafi yakan kai digiri 40 da bazara, wani lokaci har ya wuce. To, yaya kaza take yi?

Sai ta buɗe baki tana haki. Ta saki fukafukanta don iska ta shiga. Ta tona rami a ƙasa mai sanyi ta kwanta. Ta rage cin abinci, ta yawaita shan ruwa. Duk ƙarfinta ya koma wajen neman sanyi, babu sauran na yin ƙwai.

Kaza tana ɗaukar kwana ɗaya cur, har da ɗan ɗoriya, kafin ta haɗa ƙwai guda. Ɓawon kaɗai yana cin kusan awa 20. Yawan haki yana hana jininta kai wa ɓawon abin da zai sa shi ƙwari. Shi ya sa ƙwan bazara yake fita ƙarami, mai ɓawo kamar takarda.

Mutum ba zai iya rage zafin rana ba. Amma zai iya taimakon kazarsa da abu uku: inuwa, ruwa, da abinci a kan lokaci.

2. Inuwa

Wuri mafi kyau ga akurki shi ne ƙarƙashin itace, kamar dogon yaro ko mangwaro. Idan babu itace a gidan, a kafa rumfa, a rufe ta da zana ko karan dawa.

Rufin ciyawa ya fi rufin kwano. Kwano yana ɗaukar zafi, ya mayar da akurki kamar tanderu. Wanda nasa na kwano ne, sai ya shimfiɗa ciyawa ko kara a bisansa.

Akurki yana bukatar iska. A bar ƙananan tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna, a toshe su da waya ko sanduna don kada muzuru ya shiga. Idan ɗaki ne mai tsawo, tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Ta haka rana ba za ta riƙa dukan dogon bangon ba.

Kada a cunkusa kaji. Kowace kaza tamkar ƙaramin murhu ce, idan suka matsu sai su ƙara wa juna zafi. Ɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 ya ishi kaji 8 kwana. A gicciya musu sanda su hau, domin kaza ta fi son kwana a sama.

Da tsakar rana, yana da kyau a yayyafa ruwa a ƙasan inuwar da suke hutawa. Kada a kore su, kada a bi su da gudu. Idan aka ga kaza ta faɗi tana haki, a kai ta inuwa maza, a tsoma ƙafafunta a ruwan sanyi, a jiƙa ƙarƙashin fukafukanta.

3. Ruwa

Idan aka fasa ƙwai, kashi 3 cikin 4 na abin da ke ciki ruwa ne. Saboda haka kazar da ba ta sha ba, ba za ta yi ƙwai ba. Yini ɗaya na ƙishirwa yana iya tsayar da ƙwai na kwanaki.

A lokacin sanyi, kaza mai ƙwai takan sha kusan kwatan lita a yini. Da bazara tana iya shan rabin lita. Ke nan kaji 10 suna bukatar lita 5 kowace rana.

A gidaje da yawa ba a ajiye wa kaji ruwa. Sai a bar su su nemi na wanke-wanke ko na bakin rijiya. Wannan ruwa ba ya isarsu, kuma yana ɗauke da cuta.

Kaza ba ta son ruwan da rana ta dafa. Ko tana jin ƙishirwa, sai ta tsoma baki ta bar shi. Don haka a zuba ruwan a kaskon ƙasa, domin kasko yana riƙe sanyi kamar randa. A ajiye shi a inuwa. A sauya ruwan sau 3: da safe, da azahar, da yamma. A wanke kaskon kullum. Idan akwai 'yan tsaki, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse.

A lura: a ƙasar auduga, gidaje da yawa suna da galan na maganin feshi. Kada a yanka irin wannan galan a zuba wa kaji ruwa, ko da an wanke shi. Dafinsa yana kashe kaji, yana kuma shiga cikin ƙwai.

4. Abinci

Narkar da abinci yana ƙara ɗumin jiki. Shi ya sa ba a ba kaji hatsi da tsakar rana. A ba su da sassafe, kafin rana ta ɗaga. A sake ba su bayan la'asar, idan gari ya fara sanyi. Cin yamma yana da muhimmanci, domin da dare ne kaza take gina ɓawon ƙwan da za ta saka gobe.

Da damina, kaza tana samun ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye a waje. Da bazara ƙasa ta bushe, babu abin tsinta. Dole mai kiwo ya cike mata gurbi da abinci iri uku.

Na farko, abinci mai ba da ƙarfi: tsaki, dusa, dawa, masara. Cikin hannu ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ya ishi kazar gida mai yawo.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, busasshen kifi ya yawaita a kasuwannin yankin. Ana iya tara kawunan kifi da ɓurɓushinsa a daka. Ana iya daka ƙuli-ƙuli marar gishiri a gauraya da dusa. Ganyen zogale ma yana da kyau, yana sa gwaiduwa ta yi ja.

Gara kuma abinci ce da ba a saye. Ga yadda ake kama ta. A samu tsohuwar tukunya, a cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara. A yayyafa ruwa kaɗan. A kifa ta da yamma a inda gara take bi. Bayan kwana ɗaya ko biyu, a ɗaga ta da sassafe, a zazzage wa kaji.

Na uku, abinci mai gina ɓawo. A ƙona ƙashi ko katantanwa, a daka, a zuba a wani ƙaramin kasko. Ɓawon ƙwai ma yana yi, amma sai an gasa shi an daka shi lukui. Idan aka jefa shi yadda yake, kaza za ta koyi fasa ƙwanta tana sha.

Akwai abu biyu da za a kiyaye. Kamfanin SODECOTON yana tatsar mai daga angurya a Garwa, abin da ya rage kuma ana ba shanu. Wannan abinci ya dace da shanu, amma bai dace da kaza mai ƙwai ba. Angurya tana da wani sinadari da yake ɓata launin gwaiduwa, yana kuma rage ƙwai idan ya yi yawa. Sai kuma hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna. Ita guba ce ga kaji, ta fi ma illa ga 'ya'yan agwagwa.

5. Agwagwa

Agwagwar da aka saba gani a gidaje, mai jan fata a fuska, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ba ta da yawan kuka kamar kaza. Tana da juriya, ba ta cika ciwo ba. Tana cin ciyawa da ƙudaje da sauran ƙwari. Ƙwanta ya kusa ninka na kazar gida, ɓawonsa kuma ya fi kauri.

Wasu suna zaton sai mai tafki ne zai iya kiwon agwagi. Ba haka ba ne. Abin da agwagwa take bukata shi ne ruwa mai zurfin da za ta tsoma kanta duka, ta wanke idanu da hanci. Tsohon baho ya isa. Da bazara, wannan ruwa shi ne abin da yake sanyaya mata jiki. A ajiye shi a inuwa, domin ita ma zafi yana kayar da ita.

Sai dai agwagwa tana da ɓata ruwa. Minti kaɗan ya ishe ta ta mayar da shi taɓo. Saboda haka a raba mata nata, a ɗora kaskon kaji a kan bulo nesa da ita. A zubar da ruwan bahon kowace yamma a gindin zogale ko mangwaro. Itacen zai amfana, sauro kuma ba zai samu wurin haihuwa ba.

A raba musu wurin kwana. Kaza tana son sanda da busasshen wuri. Kashin agwagwa kuwa ruwa-ruwa ne, yana jiƙa ƙasa. Toron agwagwa ma yakan yi faɗa, yana iya raunata kaza.

Agwagwa ta fi yin ƙwai da safe. Idan aka sake ta da wuri, sai ta je ta ɓoye shi a bayan rumbu ko cikin ciyawa. A bar ta a ɗakinta har hantsi, sannan a buɗe mata.

6. Ɗiban ƙwai da ajiye shi

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sai ta tsaya ta yi kwanci. Kwancin kaza kwana 21 ne. Na agwagwa kwana 35 ne. Bayan ƙyanƙyasa, kaza takan yi kusan wata biyu tana yawo da 'ya'yanta, ba ta ƙwai. Shi ya sa a shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba. Kajin gidan gona suna iya yin fiye da 250, amma ba su da juriyar zafi irin ta kazar gida, kuma abincinsu saye ake yi.

Mai son ƙwan ci ya riƙa ɗiba kullum, yana barin guda ɗaya a wurin. A yi wa wanda aka bari alama da gawayi. Ta haka kaza takan ƙara kwanaki tana yi kafin ta nemi kwanci. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Amfanin zakara shi ne ƙwan da za a ƙyanƙyashe, kuma zakara ɗaya ya ishi kaji 10.

A sa wa kaji wurin yin ƙwai a lungu mai duhu da sanyi. Tsohuwar tukunya ko kwando da ciyawa a ciki ya wadatar.

Zafi yana ɓata ƙwai da sauri. Da bazara a ɗiba sau biyu a yini. Kada a wanke ƙwan da za a ajiye, domin ɓawo yana da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa yana iya tura datti ciki. A goge shi da busasshen ƙyalle. A zuba yashi mai ɗan laima a tukunyar ƙasa, a shimfiɗa ƙyalle, a jera ƙwan, tsininsa yana kallon ƙasa. A ajiye tukunyar kusa da randa.

Kafin a dafa ƙwan da ya kwana biyu, a gwada shi a kwanon ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta. Wanda ya taso sama baragurbi ne, a yar da shi. Kowane ƙwai a dafa shi ya nuna sosai, musamman na agwagwa.

7. Cututtuka

Zafi yana rage ƙwai, amma annoba tana share akurki gaba ɗaya. Babbar annobar kaji ita ce cutar Niyukasil. An fara gane ta a 1926, sunanta kuma na wani gari ne a Ingila. Ta fi yaɗuwa da hunturu. Kazar da ta kamu takan takure, ta yi koren zawo, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki, gida mai kaji 20 yana iya wayar gari babu ko ɗaya.

Wannan cuta ba ta da magani, amma tana da rigakafi. A Bokle, kusa da Garwa, akwai ma'aikatar LANAVET wadda aka kafa a 1983. A can ake haɗa magungunan rigakafin dabbobi, har da na wannan cuta. Malamin dabbobi ne yake yi wa kaji. Wani iri ana ɗiga shi a ido, wani kuma allura ce. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, kafin iskar hunturu ta taso. Ana maimaitawa bayan 'yan watanni. Kaza mai lafiya ake yi wa, ba wadda ta riga ta kamu ba.

Agwagwa ba ta cika mutuwa da wannan cuta ba, amma tana iya ɗaukar ta ta ba kaji. Haka kuma murar tsuntsaye. A 2006, lokacin da aka fara ganin wannan mura a Kamaru, a jikin agwagi aka same ta a Marwa. Tana iya kama mutum. Don haka kada a bar agwagin gida su cuɗanya da tsuntsayen daji a bakin kogi. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa, yaro kada ya taɓa su. Ya gaya wa manya, su sanar da malamin dabbobi. Mushen a binne shi a rami mai zurfi.

Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Akwai kuma ƙananan maƙiya. Ƙwarƙwata tana zama cikin gashi. Wata irin kaska tana ɓuya a tsagar bango da rana, ta fito da dare ta sha jini. Kazar da aka shanye wa jini ba ta ƙwai. A share akurki kowane mako, a liƙe tsagar bango, a barbaɗa toka. A tara toka da yashi a inuwa, kaji su yi birgima a ciki. Kashin da aka share kuma taki ne mai kyau ga lambu.

8. Ƙwai abincin yara ne

A da, wasu sukan hana yara cin ƙwai. Suna cewa yaron da ya saba da shi zai yi sata. Wannan camfi ne. Likitoci sun tabbatar ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro. Yana taimakon girma, yana ƙara lafiya. Haka yake da amfani ga mace mai ciki da mai shayarwa.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gidan da yake da kaji 5 da agwagi 2, idan ana kula da su, zai samu na ci, ya samu na ƙyanƙyasa, wani lokaci har da na sayarwa. Aikin kuwa bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba. Kafin ya tafi da safe, ya wanke kasko, ya zuba ruwa da tsaki. Idan ya dawo da rana, ya sauya ruwan, ya ɗebi ƙwai. Da yamma ya ba su abinci, ya ƙirga su, ya rufe akurki.

Abin tunawa

Kaza ba ta gumi. Da bazara tana bukatar inuwa, ruwan sanyi, da abinci safe da yamma. Agwagwa tana bukatar ruwanta daban da wurin kwananta daban. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi

kaza: la poule
zakara: le coq
ɗan tsako: le poussin
agwagwa: le canard
akurki: le poulailler
ɓawon ƙwai: la coquille
gwaiduwa: le jaune d'œuf
rigakafi: la vaccination

Tambayoyi

1. Me kaza take yi idan ta ji zafi?
2. Me ya sa ɓawon ƙwai ba ya ƙwari da bazara?
3. Don me kaskon ƙasa ya fi kwano wajen ba kaji ruwa?
4. Kwana nawa kaza take kwanci? Agwagwa fa?
5. Me ya sa ake raba ruwan kaji da na agwagi?
6. A wane lokaci ya kamata a yi wa kaji rigakafi?

Lissafi

Wata mata tana da kaji 6. Kowace tana shan rabin lita a yini. Lita nawa za su sha a mako ɗaya?

An sa wa agwagwa ƙwai ranar 1 ga Afrilu. A wace rana za ta ƙyanƙyashe?

Aiki

Kowane ɗalibi ya duba akurkin gidansu ko na maƙwabta da tsakar rana. Ya zana shi a littafinsa. Ya nuna inda inuwa take da inda ruwa yake. Ya rubuta abu ɗaya da za a gyara kafin bazara.